Wawan Sarki da Kunnen Mai Mulki: Lacca kan Matsayin Masu Ban Dariya a Tarihin Sarauta da Siyasa

 

  Batun da aka ɗora mini shi ne matsayin wawayen sarakuna da sauran masu ban dariya a al'ada da siyasa, tun daga zamanin da har zuwa yau. Na san a cikinmu akwai wanda zai ce a ransa, duk matsalolin da suka dame mu a rasa abin tattaunawa sai wawa? Ina roƙonsa ya ba ni aron kunnensa. Abin da zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja shi ne, wawan sarki magani ne da sarauta ta haɗa wa kanta saboda wata cuta da ba ta rabuwa da mulki, wato rashin jin gaskiya, kuma ƙarfin wannan magani bai taɓa wuce ƙarfin al'adar da ta ɗaure hannun sarki daga taɓa wawan ba. Zan bi maganar daki-daki.

Na farko, mu fara da cutar. Duk wanda ya taɓa zama a fada ya ga yadda magana take isa ga sarki. Mai ƙara ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai na kirari a kansa, ana ce masa sarki ya gaishe ka alhali sarki bai buɗe baki ba. Abin da ya zo da shi sai ya bi ta bakin wani bafade, wanda zai goge masa ƙaiƙayi, ya cire ɗacin, ya miƙa abin da ya rage. Wannan tsari yana da amfaninsa, domin shi ke tsare kwarjinin sarauta, amma yana da tsada. Kowa a fada yana da abin da zai rasa: waziri yana da rawaninsa, hakimi yana da ƙasarsa, mawaƙi yana jiran doki da riga. Wa zai yarda ya zama mai kawo mummunan labari? Haka abin yake a kowace fada ta duniya. A ranar 24 ga Yuni, 1340, jiragen ruwan Sarki Edward na Uku na Ingila suka ragargaza na Faransa a yaƙin Sluys, aka kashe Faransawa dubbai, da yawa suka nutse. Marubutan tarihin Ingila sun ruwaito cewa a fadar Sarki Philip na Shida an rasa mai ƙarfin halin sanar da shi, sai aka tura wawansa. Ya shiga yana zagin Ingilishi, yana cewa ragwaye ne matsorata. Sarki ya tambaye shi dalili, ya ce ai ba su da zuciyar da za su yi tsalle su faɗa teku kamar yadda jarumanmu suka yi. Nan take sarki ya gane an ci shi da yaƙi. Ku lura, fada cike take da manyan mayaƙa da limamai, amma labarin da ya fi kowane muhimmanci ga ƙasa sai da ya bi ta bakin mutumin da ba shi da kujera a majalisa.

Wannan ne ya sa muke samun irin wannan mutum a ƙasashe daban-daban. A Bagadaza akwai Abu Dulama a fadar halifofin Abbasiyawa na farko, har da Mansur. A kudancin Indiya ana ba da labarin Tenali Rama a fadar Krishnadevaraya, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1529. A Polan akwai Stanczyk da ya yi wa sarakuna uku hidima, a Faransa Triboulet, a Ingila Will Somers na Sarki Henry na Takwas. Sojojin Sifen da suka shiga birnin Aztek a 1519 sun tarar da masu ban dariya a gaban Sarki Montezuma.  Inda duk aka tara iko a hannun mutum guda, buƙatar ta taso da kanta.

Na biyu, mu duba yadda maganin yake aiki, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin shi ne zuciyar batun. Marubucin tarihin ƙasar Sin, Sima Qian, wanda ya yi rubutunsa wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ware babi guda a babban littafinsa don masu barkwancin fada, a jere da babin malamai da na jarumai. A ciki ya kawo labarin You Meng da Sarki Zhuang na ƙasar Chu. Sarkin yana da wani doki da yake ƙauna fiye da kima, yana sa masa tufafin alharini, yana kwantar da shi a ɗaki mai ado, yana ciyar da shi busassun 'ya'yan itace, har ƙiba ta kashe shi. Sarki ya ce sai an yi wa dokin jana'iza irin ta babban hakimi. Fadawa suka nuna rashin dacewar haka, sarki ya fusata ya yi shela cewa duk wanda ya ƙara yi masa maganar dokin nan kashe shi za a yi. Fada ta yi tsit. Sai ga You Meng ya shigo yana rusa kuka. Sarki ya tambaye shi abin da ya same shi. Ya ce yana kukan wulaƙancin da za a yi wa dokin ne, domin ƙasa mai girma da arziki irin Chu ta rasa abin da za ta yi wa dokin sarki sai jana'izar hakimi kawai? Kamata ya yi a yi masa ta sarakuna, a sassaƙa masa akwati na dutse mai daraja, a sa sojoji su haƙa kabari, tsofaffi da yara su ɗebo ƙasa, a gayyato jakadun ƙasashe su yi rakiya, a ware gidaje dubu goma da harajinsu zai riƙa hidimar kabarin, domin duk sarakunan duniya su ji su san cewa a wurin mai Chu doki ya fi mutum daraja. Sarki ya yi shiru, sa'an nan ya tambaya ko kuskurensa har ya kai haka, kuma mene ne abin yi. You Meng ya ce a yi wa dokin irin jana'izar da ake yi wa dabbobi, tukunya ta zama akwatinsa, citta da kayan yaji su zama guzurinsa, wuta ta zama likkafaninsa, cikin mutane ya zama kabarinsa. Sarki ya sa aka miƙa dokin ga masu dafa abincin fada.

Jama'a, me You Meng ya faɗa wanda fadawa ba su faɗa ba? Babu. Gaskiya ɗaya ce. Bambancin yana ga hanyar da ta bi. Fadawa sun tari sarki gaba da gaba, suka sa shi a halin da in ya janye an ce ya ji tsoron bayinsa. You Meng ya bi bayan ra'ayin sarki, ya tura shi gaba har ya kai inda sarki da kansa ya hango ramin da ke gabansa, kuma ya yi hakan cikin yanayin da kowa zai iya dariya, har da sarkin. Hausawa na cewa tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Aikin wawan sarki ke nan, shi ne yake kawo haukan da sarki zai naɗe tabarmarsa da shi ya tashi ba tare da girmansa ya zube ba. Sima Qian ya kawo wani makamancinsa a fadar sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin, wani wada mai suna You Zhan. Sarki ya yi niyyar faɗaɗa gandun namun dajinsa ya cinye ƙasa mai yawa, You Zhan ya ce madalla, a cika shi da bareyi, in abokan gaba suka taso daga gabas sai a sa bareyin su tunkuye su. Aka fasa aikin.

Akwai sharaɗi na biyu bayan dabara, shi ne rashin matsayi. In yarima ya soki sarki, za a ce gadon sarauta yake hange. In waziri ya yi, za a ce yana haɗa kai da wasu. In malami ya yi, maganarsa tana da mabiya, tana iya zama fitina. Wawa fa? Ba ya gadon komai, ba shi da runduna, ba wanda zai yi masa mubaya'a. Tufafinsa ma, ko hular ƙararrawa ta Turai ko tsummokaran da namu suke yafawa, shela ce cewa wannan mutum ya fita daga layin masu neman girma. Saboda ba a tsoronsa shi ya sa ake iya saurarensa, kuma saboda an riga an ɗauke shi ba a bakin komai ba, sarkin da ya hukunta shi ya jawo wa kansa raini, domin za a ce maganar wawa ta yi masa zafi, ashe akwai gaskiya a cikinta. Wannan kunyar ita ce garkuwar wawa. Ba shi da wata.

Na uku, mu dawo gida, domin ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, kuma a ganina tana da abin da za ta koya wa wasu. Fadojinmu sun san Wawan Sarki, mutumin da yake shiga inda wasu ke tsayawa, ya faɗi abin da in wani ya faɗa sai ya kwana a gidan yari. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne, Bahaushe bai bar wannan aiki a hannun mutum ɗaya ba, ya rarraba shi cikin al'umma. Ga 'yan kama, waɗanda suke ɗaukar muryar malami mai wa'azi ko ta babban mawaƙi su juya ta ta koma yabon tuwo da miya, kuma a cikin dariyar suna nuna kwaɗayin da ke ɓoye a ƙarƙashin manyan riguna. Sana'ar ta yi ƙarfin da har wani manazarci Bature, C. G. B. Gidley, ya yi rubutu a kanta a 1967. Ga wasan gauta, inda matan cikin gidan sarauta suke shigar sarki da hakimansa, wata ta naɗa rawani ta kwaikwayi tafiyar waziri, wata ta kwaikwayi yadda alƙali yake yanke hukunci, masu sarautar na kallon kansu a jikin waɗanda a sauran ranaku ko ɗaga ido ba sa yi a gabansu. Ku yi tunanin abin da hakimi mai karɓar toshiya zai ji sa'ad da ya ga an kwaikwayi yadda yake miƙa hannu, kuma sarki na dariya. Ga tashe, da ake farawa in azumi ya kai kwana goma, inda yaro zai manna gemun auduga ya riƙe allo ya fito a malami, 'yan'uwansa na tuhumarsa da yin rawa yana musantawa, jikinsa kuwa na rawar. A Kano ga Nalako da kamun gwauro. A watan da aka fi tsare ibada, a nan al'ada ta buɗe wa yara ƙofar yi wa manya hannunka mai sanda.

Sama da duka ga wasan barkwanci tsakanin jinsi da jinsi da tsakanin dangi: Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa, jika da kaka, taubashi da taubashi. Talaka Babarbare yana iya tsayawa gaban basarake Bafulatani ya gaya masa maganar da ɗan'uwansa Bafulatani ba zai iya ba, kuma in basaraken ya yi fushi shi ne ya yi abin kunya. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada, saboda rawar da take takawa wajen kashe wutar rikici. Shekara uku kafin nan, a 2011, ta sa ƙungiyar Koredugaw ta ƙasar Mali cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceto cikin gaggawa. Su waɗannan mutane ne da suke sa tsumma da sarƙar jajayen ƙwayoyi, suna yin komai a juye, kuma su ake kira sasanci in an yi faɗa. Bambancin da nake so ku riƙe shi ne wannan: wawan Turai izininsa daga sarki yake, ranar da sarki ya janye shi ke nan. Izinin abokin wasa kuwa daga al'umma yake, ya girmi sarkin da ke kan gado, kuma sarki ba shi da ikon soke shi.

Na huɗu, akwai suka guda uku da masana suke yi wa duk abin da na faɗa, kuma ba zan ɓoye muku su ba, domin kowace tana da nauyi.

Suka ta farko ita ce yawancin labaran nan ƙagaggu ne. Ana cewa wani wawa mai suna Bahlul ya hau gadon Halifa Haruna Rashid, dogarai suka yi masa duka, halifa ya tarar da shi yana kuka, ya ce ba don kansa yake kuka ba, shi da ya zauna na ɗan lokaci ya sha wannan, ina ga wanda ya shekara da shekaru a kai? Wa ya tabbatar an yi haka? Labari ɗaya za ka ji an jingina shi ga Abunuwas a nan, ga Juha a Masar, ga Nasruddin a Turkiyya, ga Birbal a Indiya. Na yarda, kuma mai nazarin tarihi dole ya rarrabe abin da takardun zamanin suka tabbatar da abin da baki ya ɗauko. Sai dai ƙagaggen labari ma shaida ne a kan waɗanda suka ƙaga shi. Me ya sa talakawan ƙasashe masu nisa da juna suka yi ta sake ƙirƙiro mutum guda, marar komai, wanda yake kayar da sarki da magana? Saboda suna da abin da suke so a gaya wa sarki, ba su da mai gaya masa. Ko da Bahlul bai taɓa hawa gadon ba, miliyoyin da suka riƙe labarin sun yanke hukunci a kan mulki, kuma sarakuna sun ji hukuncin.

Suka ta biyu ta fi zafi. Masu ita suna cewa wawa bawan mulki ne, aikinsa ya rage wa jama'a zafin rai don kada tukunya ta fashe. An yi dariya, an huce, gobe a koma biyan haraji. Suna kafa hujja da Archie Armstrong, wawan Sarki James na Ɗaya da ɗansa Charles na Ɗaya a Ingila. Shekaru yana taɓa manya ana ƙyale shi, har ya tara dukiya. Amma da mutanen Sikotlan suka tayar da ƙayar baya a 1637 saboda littafin addu'ar da Babban Limamin Canterbury, William Laud, ya ɗora musu, Archie ya tare Laud ya tambaye shi, yanzu wane ne wawan? Laud ya kai ƙara, majalisar sarki ta zauna a watan Maris na 1638, ta yanke a tuɓe masa rigar wauta ta kansa a kore shi daga fada. Ga iyakar 'yancin nasa, in ji masu suka, yana ƙarewa daidai inda maganar ta fara zama mai amfani. Amsata ita ce, labarin ya tabbatar da rauninsa, amma ku ƙarasa shi. Fadar da ta kori Archie ta toshe kunnenta ne daga gargaɗin da ya fi kowane zama gaskiya a shekarar. Rikicin Sikotlan ya jawo yaƙin basasa, aka sare kan Laud a 1645, aka sare na Sarki Charles a 1649, Archie kuwa ya koma ƙauyensu ya rayu har 1672. Ban ce korar wawa ce ta kawo wannan ba, dalilan suna da yawa. Na ce korar alama ce ta cutar da ta kashe su. Kuma gaskiya ne wawa bai taɓa kifar da sarauta ba, ba a ajiye shi don haka ba. Amma a zamanin da babu jarida, babu majalisar wakilai, babu kotun da za ta taka wa sarki burki, fasa binne doki da dukiyar talakawa ba ƙaramin abu ba ne ga wanda za a karɓi harajin a hannunsa.

Suka ta uku ba ni da amsar da za ta wanke ta, kuma ba na neman wankewa. Da yawa daga waɗanda aka ajiye a fadoji don dariya ba masu hikima ba ne da suka zaɓi sana'a, mutane ne masu taɓin hankali ko wadanni ko masu ƙusumbi, aka mai da halittarsu abin nishaɗi, ana kyauta da su kamar dabbobi. Wani lokaci ma rigar wauta bulala ce. Sarauniya Anna ta Rasha ta hukunta wani ɗan babban gida, Mikhail Golitsyn, saboda ya canza ɗariƙarsa ta Kiristanci, ta mai da shi wawan fada, a 1740 kuma ta ɗaura masa aure ta sa aka kwana da shi da amaryar a gidan da aka gina da ƙanƙara a tsakiyar hunturu. Sarki Frederick William na Ɗaya na Prusiya ya mai da masanin tarihi Jacob Paul von Gundling abin wasan fadawansa, da ya mutu a 1731 aka binne shi a cikin gangar giya. Wannan zalunci ne tsagwaronsa. Abin da yake koya mana shi ne mu riƙa tambaya, dariyar nan ina ta dosa? In ta tashi daga ƙasa ta nufi mai iko, tana iya zama nasiha. In ta gangaro daga sama ta faɗa kan marar ƙarfi, cin mutunci ce ko da duk fada ta yi tafi. Wannan ma'auni ya hau kanmu mu ma, duk sa'ad da muka tara yara suna bin mahaukaci da jifa, ko muka yi fim da gurgu ko mai in'ina don a yi dariyar lalurarsa.

Na biyar, a zauren nan akwai malamai, kuma na san tambayar da ke ransu. Ina matsayin wannan a addini? Alƙur'ani a aya ta 11 ta Suratul Hujurati ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ya hana jifa da miyagun laƙabobi. Hadisi ya zo da narko a kan mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Waɗannan iyakoki ne tabbatattu, kuma mai barkwancin da ya ƙaga wa mutum laifin da bai yi ba, ko ya tona asirin iyalinsa, ya faɗa cikinsu, komai daɗin da aka ji. Amma addinin da ya kafa waɗannan iyakoki shi ne ya ruwaito mana cewa Manzon Allah (SAW) yana raha, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. A cikin sahabbai akwai Nu'aimanu ɗan Amru, wanda ya halarci Badar, aka kuma san shi da barkwancin da yake sa Manzon Allah murmushi. Kuma hadisi ya sanya faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba cikin mafificin jihadi. To in gaskiyar ce, kuma an zaɓi hanyar da za ta shiga kunne ba tare da an zubar da jini ko mutunci ba, a ina laifin yake? Wargi wuri yake samu, haka ne. Aikin malamai shi ne su nuna wurin, su rarrabe mana tsakanin nasiha cikin raha da ƙazafi cikin raha, maimakon a haɗa su a yi musu hukunci ɗaya.

Na shida kuma na ƙarshe, ina wawan sarki yake a yau? Ya bar fada ya shiga kasuwa. Tun daga ƙarni na 18 sarakunan Turai suka daina ajiye shi, aikinsa ya koma dandalin wasan kwaikwayo, daga nan jarida, rediyo, talabijin, yau kuma wayar da ke aljihun kowa. Ya samu abin da magabatansa ba su samu ba, wato jama'a masu yawa da abincin da ba ya fitowa daga hannun sarki. A 1940 Charlie Chaplin ya yi fim ya mai da Hitler abin dariya a idon duniya. A nan gida marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya yi shekaru yana ba mutane dariya da rayuwar bariki a lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa, marigayi Kasimu Yero da marigayi Rabilu Musa Ibro kuma suka nuna mana kanmu a siffar ɗan sanda da mai unguwa da attajiri da boka. Amma ya rasa tsohuwar garkuwarsa. Sarki yana jin kunyar dukan wawansa domin nasa ne, a gidansa yake. Gwamnatin zamani ba ta jin wannan kunya. A 1935 'yan Nazi suka rufe gidan wasan Werner Finck a Balin suka kai shi sansanin Esterwegen. A 2008 sojojin Bama suka yanke wa Zarganar ɗaurin shekara 59 bayan ya soki yadda suka yi da waɗanda guguwar Nargis ta shafa, sai a 2011 aka sake shi. A Masar shirin Bassem Youssef ya tsaya a 2014, shi kuma ya bar ƙasar. A Kano, a watan Nuwamba na 2022, wata kotun majistare ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu, saboda wani bidiyo da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. Kowa yana da ra'ayinsa kan ko sun wuce gona da iri. Tambayar da nake yi ita ce, a ƙasar da ta san wasan gauta da tashe, ina mizanin da muka ajiye na gane inda barkwanci ya ƙare ɓatanci ya fara, kuma wa ke riƙe da shi, mai mulkin da aka taɓa ko wani wanda ba ruwansa?

Akwai kuma wani sabon abu da zamanin da bai sani ba, mai ban dariya ya nemi gadon da kansa. Volodymyr Zelensky ya fito a matsayin shugaban ƙasa a wasan talabijin, a 2019 kuma mutanen Yukren suka zaɓe shi da kashi 73 cikin ɗari na ƙuri'u. Jimmy Morales ya yi haka a Gwatemala a 2015. Wannan yana nuna yadda jama'a suka gaji da 'yan siyasa har suka fi amincewa da mai ba su dariya. Sai dai ranar da ya hau, sharaɗin nan na rashin matsayi ya faɗi, ya zama mai abin rasawa, fadawa sun kewaye shi, cutar da muka fara da ita ta kama shi kamar kowa. Haka ma mai barkwancin da ɗan siyasa ya saya don ya ci mutuncin abokin hamayya, wannan ya koma maroƙi mai zambo, kuma jama'a ba su daɗewa ba su gane ba.

Saboda haka ina da roƙo ga rukuni uku da ke zaune a nan. Iyayenmu sarakuna da masu riƙe da muƙaman gwamnati, ku tambayi kanku wane ne a kusa da ku yake iya gaya muku kun yi kuskure ya kuma kwana lafiya, in babu shi ku nemo shi. Lauyoyi da 'yan majalisa, dokokinmu na ɓata suna suna buƙatar a fayyace su yadda za su kare mutuncin mutum daga ƙazafi ba tare da sun zama sandar dukan duk wanda ya yi wa mai mulki shaguɓe ba. Ku kuma ɗalibai, tsofaffin 'yan kama da waɗanda suka ga wasan gauta da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ku ɗauki na'urar naɗar magana ku je ku same su tun suna raye, ku tambaye su abin da suka faɗa a gaban sarakuna da abin da ya biyo baya.

A nan zan dakata.  Wanda yake da tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka san fada fiye da ni, fili nasa ne, bismillah.